Minti Uku da Daƙiƙa Goma

Nashville, 19 ga Agusta

Goggo Orpha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwoyinki da kajinki. Ki gaida ɗan'uwanmu Delmer in ya kawo miki wasiƙar nan. Ni lafiya lau, in ban da hawan jini. Likita ya ce in bar gishiri, na ce masa to, na fita na sayi soyayyar kaza.

Kin sha cewa garin nan ya kashe waƙar karkara. Yau na zo in kare shi, don ƙazafin ya yi yawa. Goggo, ba a taɓa yin garin da ya tausaya wa mawaƙi irin wannan ba. A kwarinmu sai matar mutum ta mutu, ko ramin kwal ya rufta da ƙanensa, sannan ya samu waƙa guda, ita ma ya shekara yana juya ta a baki. Nan an sauwaƙe wa bayin Allah. Ƙarfe goma na safe mu shiga ɗaki mu uku, ga sanyi ga kofi, ƙarfe uku mun fito da waƙa, har da hutun cin abinci a tsakiya. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi kuka. Kayan haɗin ma ba a neman su: motar a-kori-kura, hanyar burji, giya mai sanyi, yarinya mai gajeren wando. Ka juya su yadda ka ga dama, in ka gaji ka faro daga giyar. Har ma'aikata ake da su masu buga wa mutane waya, su sa musu daƙiƙa takwas na waƙa, su tambaya: za ka bari ko za ka canza tasha? Ki gaya mini wane mai goge ne a kwarinmu ya taɓa samun wannan gata.

Shekarata talatin da ɗaya ina rubuta waƙa ina tallarta ofis-ofis, kuma shekara shida ke nan rabon da wani ya rera tawa. Yaran yanzu Baba suke ce mini, ba kuma don girmamawa ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. A watan Yuni da na zo ranar gyaran kaburbura, bayan an yi shara an dasa furanni, kika tsaya a kan tudu kika fara Kiran Suna, kina ba da layi muna amsawa. Na san doka. Ba a rubuta ta, ba a ɗaukar ta a na'ura, ba a rera ta sai a kan tudun, sau ɗaya a shekara, kowane mamaci da baitinsa tun daga Kaka Enoch har zuwa wanda aka binne ƙarshe. Na sani sarai. Amma wayata tana aljihun rigata, yatsana kuma ya taɓa ta. Na ɗauki abin da nake bukata. Kin harare ni da kika ga na sauka wajen mota, na ga hararar, ban manta ba.

Makon jiya muna ɗaki da wasu samari biyu, ɗaya mai gemu ɗaya mai kwamfuta, kan kowa ya bushe. Sai na kunna musu muryarki. Goggo, mai gemun ya ajiye kofinsa. Ya ce, “Baba, wannan daga ina?” Na ce daga gida. Ya ce, “Ta wa ce?” Na ce tamu ce. Rabon da a dube ni haka har na manta.

Muryar waƙar kawai muke so, ba sunayen ba. Matattunmu suna nan inda suke, ba mai taɓa su. Kakana da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙane ne, don haka ina da ɗan hakki ko da na cokali ɗaya ne, amma ba zan motsa ba sai da yardarki. Na san ba ki son rubutu. In ban ji daga gare ki ba zuwa ƙarshen Oktoba, zan ɗauka kin ce to.

Ɗanki,
Garland


Nashville, 12 ga Janairu

Goggo,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan sanyi bai matsa miki ba, kuma Delmer ya faskara miki itace kamar yadda ya saba alkawari. Ni na yi mura, ta wuce.

Na jira har Oktoba ta fita, na ƙara mako biyu don ladabi. Shirunki na gane shi. Haka kike yi tun ina yaro, in kin yarda da abu ba ki faɗa, sai dai ki ƙara wa mutum wake a kwano. Na gode.

An yi waƙar. Mun ɗan taɓa ta kaɗan. Mai kwamfuta ya ce tafiyarta ta yi jinkiri, mutum zai iya fita ya sha taba ya dawo ba a gama layin farko ba, sai ya ninka saurinta ya sa ganga a ƙasa. Inda kike cewa Enoch ya hau tudu ya bar garmarsa a gona, yanzu wani saurayi ne ya hau tudu da motarsa ya bar budurwarsa a ƙasa tana ɗaga hannu. Na ce a bar garmar. Mai gemu ya ce, “Baba, wa ya san garma?” Na ce a sa goge. Suka sa, na daƙiƙa huɗu, a can baya, kamar baƙon da aka zaunar bakin ƙofa.

Wanda zai rera sunansa Dax Whitlow. Ba shi uwarsa ta raɗa masa ba. An haife shi a unguwar masu kuɗi kusa da teku, kuma akwai matar da aka ɗauka musamman tana koya masa magana irin tamu, ni da na yi shekara goma ina kankare ta daga harshena. Yaron kirki ne. Ya tambaye ni ko kwal ana shuka shi ne.

Ranar Kirsimeti na ci abinci a wani shago ni da mai shagon. Tun da matata Darlene ta tafi gidan ya yi mini faɗi. Na kunna muryarki sau biyu ina wanke kwano ɗaya da cokali ɗaya. Ki rubuto ko layi guda ne.

Garland


Kwarin Laurel, Kentucky, 9 ga Maris

Garland ɗan Lutie,

Na gaishe ka. Ka tambayi lafiyata, to ga ta. Ranar ashirin ga Agusta na zame a matakalar ɗakin kaji na karya ƙugu. Kwana ɗaya na yi a ƙasa kafin Delmer ya zo. Wata shida na yi a gidan jinya a gari, jiya-jiya aka maido ni. Delmer ya tara mini wasiƙu a cikin kwandon ƙwai, bai kai mini ko ɗaya ba, wai kada a tayar mini da hankali. Naka biyu suna ƙasa, tare da takardar masu tallar tabarau.

Wato ina kwance ana juya ni kamar waina, kai kana can kana fassara shiruna. Yaron nan, tun kana ƙarami haka kake, ka tambayi mutum abu kana riga ka sa shi a aljihu.

Amsata a'a ce. Da ka samu amsar a kan lokaci ma a'a ce. Ka ce muryar kawai kuke so ban da sunayen. Kai da ka yi makaranta, ka taɓa ganin an ɗauke gado an bar mai barci a sama? Jinkirin da mai na'urarku yake ƙorafi a kai, don sunayen aka yi shi. Ana ja ne don kowa ya samu lokacin tuna fuskar mutumin kafin a wuce shi.

Ban rubuto don faɗa kaɗai ba. Sunaye sittin da uku ne yanzu. A gidan jinya kullum da safe nakan bi su a zuciyata, sau biyu na tsaya a tsakiya na rasa wa ke bin wa, sai da na koma farko. Wannan bai taɓa faruwa da ni ba. Shekarata tamanin da huɗu. Inna Vesta ta koya mini a bakin murhu, baiti ɗaya kowane mako, ni kuma ban koya wa kowa ba, don duk wanda na kama sai ya tafi Ohio neman aiki. Delmer in ya buɗe baki karnuka ke amsawa. Kai kaɗai ne mai kunne a cikin zuriyar nan, abin takaici.

Ka zo ka zauna wata biyu kafin Yuni. Akwai ɗaki, akwai wake da burodin masara, ba gishiri tunda likita ya hana. Ka koya daga bakina yadda ake koya. Baitin uwarka ni na yi shi, shi ne na sittin da ɗaya, kuma wurin da ke gefenta har yanzu ba kowa, ka san naka ne.

Waƙar motar kuwa, ka ce su bari.

Goggonka,
Orpha Caudill


Nashville, 14 ga Afrilu

Goggo,

Sannu, sannu. Da na sani da na zo, Allah ya sani. Delmer kuma zan gamu da shi. Ina fatan ƙugun yana haɗuwa.

Wasiƙarki ta yi mako uku a kan teburina ina neman yadda zan amsa. Goggo, abin nan ba a tsayar da shi. Ya wuce hannuna tun kafin Kirsimeti. Waƙar ta fita, tana gidajen rediyo, masu buga waya sun ce cikin mutum goma takwas ba sa canza tasha. Mai gemu ya daina ce mini Baba, yanzu Garland nake. Mutanen da suka shekara shida ba sa ganina a layin kofi duk idonsu ya warke.

Ki dube shi ta wannan gefen: muryar da mutum arba'in ke ji sau ɗaya a shekara, yau direbobi na jin ta daga nan har bakin teku. Na san abin da za ki ce. Na faɗa ne kawai don in ji yadda zai fito a takarda, kuma bai fito da kyau ba.

Wata biyu ba zai samu ba yanzu, kowa na son in shiga ɗaki da shi, kuma irin wannan ƙofar ba ta daɗewa a buɗe ga mai shekara hamsin da takwas. Amma ranar gyaran kaburbura da ni za a yi. Zan zo tun Alhamis, mu zauna a baranda ki fara ba ni. Kin riƙe sunayen nan shekara hamsin, wata biyu ba zai gagare ki ba.

Garland


Kwarin Laurel, 17 ga Yuni

Garland,

Ina gaisuwa. Ƙugu da sauƙi, ina tafiya da sanda. Furannin da ka aiko sun iso, da katin da ke cewa an shirya muku liyafa don waƙarku ta zo ta ɗaya. Delmer ya ɗora su a kan kabarin uwarka. Sun fi na kowa girma.

Tunda ba ka zo ba, bari in ba ka labari. Mutane sun zo fiye da kowace shekara, har 'yan Ohio da jikokinsu, don labari ya bazu cewa waƙar rediyon nan tamu ce. Maza huɗu suka ɗauke ni a kujera har kan tudu. Aka share, aka dasa, aka shimfiɗa abinci a ƙarƙashin itatuwa. Na miƙe na ba da layin Enoch.

Suka amsa mini da muryar waƙarku.

Ba da mugunta ba. Ita suka sani, ita ke kunnensu tun Afrilu, a mota, a kanti, a wurin shan mai. Na ja, suka ruga. Wata jikar Vesta har tafi take yi. Na ɗaga sanda na ce, “Ku tsaya, ba biki muka zo ba.” Suka yi dariya, suka ce, “Yi haƙuri, Kaka,” muka sake. Tsofaffi shida suna ja tare da ni, sauran suna gaba kamar an kunce 'yan maruƙa. Haka muka yi ta fama har suna na goma sha tara.

A nan ne abin ya faru, kuma ba laifinsu ba ne. Na buɗe baki in kira na ashirin, sai na ji gangar nan taku a cikin kaina. Ni ma ta shige ni, maƙwabta na kunna ta, Delmer na kunna ta a mota in zai kai ni asibiti. Sunayen a jikin tsohuwar muryar suke rataye, in na ja ta sai su biyo ɗaya bayan ɗaya. Da sabuwar ta hau kanta, na miƙa hannu ban taɓa komai ba. Na tsaya. Iska na kaɗa furannin roba. Ban san tsawon lokacin ba. Sai Delmer ya ce, “To jama'a, kaza na hucewa.” Aka tafi cin abinci.

Mutum arba'in da huɗu ba a kira su ba bana. Mijina yana ciki. Ƙannena biyu da rami ya ci suna ciki. Uwarka tana ciki.

Tun ranar nake gwadawa. Wasu baitocin suna zuwa guntu-guntu, rabin layi, ko suna ba baiti. Ban iya jera su.

Yanzu zan roƙe ka abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba. Abin nan da ka sata a wayarka, ka sa a faifai ka aiko wa Delmer. Dokar ta riga ta karye, ba ni na karya ta ba. In na ji bakina yana yin ta daga farko har ƙarshe, na san za ta dawo. Ka yi sauri.

Orpha


Nashville, 1 ga Yuli

Goggo,

Ina gaishe ki. Kada ki tambayi lafiyata.

Na fara wasiƙar nan sau biyar. Ni da ake cewa zan iya sayar wa mai gidan rediyo kukan jaki, na rasa yadda zan yi tallar wannan, don haka ga shi tsirara.

Abin da ke wayata minti uku ne da daƙiƙa goma. Sunaye huɗu: Enoch, matarsa, da jariransu biyu. Daga nan na kashe.

Ba batir ne ya ƙare ba, ba kuma tsoron harararki ba. A sana'armu an koya mana cewa duk abin da waƙa za ta ba ka tana ba da shi a minti na farko, saura maimaici ne. Shekara talatin ina sauraron waƙoƙin mutane a ofis, da an kai minti uku yatsana ke kashewa da kansa, ko ban sa shi ba. Ranar nan na ji muryar ta zagayo sau huɗu, na ce a raina na samu, na danna. Sannan na sauka wajen mota, inda waya ke kamawa, na kira wani mutum da bai ɗauka ba. Ina jingine da mota ina jiyo ku sama-sama lokacin da kika kira uwata. Na yi kwana goma ina matsa kaina in tuno ko kalma ɗaya ta baitinta. Abin da nake tunawa shi ne wayar mutumin tana ta ƙara.

Ranar Litinin na shiga ɗaki da samarin nan, na ce yau ku taya ni yi wa uwata baiti. Suka ce to, da zuciya ɗaya. Na ba su labarinta, yadda take tafiya mil huɗu zuwa wurin ɗinki, yadda take waƙa in tana yanka tuffa. Mai kwamfuta ya ce, “Yana da kyau ƙwarai. Amma Lutie ba ya zama a baki. Za a iya canza sunan?” Na ɗauki hulata.

A liyafar nan sun ba ni faifai mai ruwan zinariya a cikin gilashi. Na juya shi, na ƙwanƙwasa, ashe ba ya kunnuwa, ba komai a cikinsa. Yana jingine da bango a ƙasa, ban samu ƙusa ba.

Zan taso ranar Juma'a. Wannan karon ban ce ki yarda da ni ba, ki dai sa Delmer ya duba hanya da yamma. Ba gita, wayar kuma a Nashville za ta kwana. Zan cire wayar wutar rediyon motar Delmer, in ya so ya kai ni ƙara. Mu zauna a baranda ki ba ni goma sha taran da ke hannu, a hankali, yadda Inna Vesta ta ba ki. Sauran mu hau tudu in riƙe ki, mu bi duwatsun ɗaya-ɗaya, ki karanta suna ki ga ko rabin layi zai biyo. Na san kusan ashirin ba rubutu a kansu, dutsen rafi ne kawai aka kafa, kuma waƙar ce kaɗai ta san wa ke ƙasa. Waɗannan ban san yadda za mu yi da su ba. Wanda ya dawo ya dawo.

In mun haɗa abin da ya samu, zai kai minti arba'in ko fiye, ba ganga, ba mota. Na gaya wa mai gemu, ya girgiza kai don tausayi, ya ce binciken masu buga waya ya nuna ba mai sauraron da zai zauna wa abu irin wannan. Ban yi masa musu ba, shi ke da takardu. Ke ce kika fi kowa daɗewa da masu sauraronki, Goggo, sai ki faɗa mini: cikin shekara ɗari da ashirin, an taɓa samun ko mutum ɗaya daga cikin na kwance a kan tudun nan da ya tashi ya canza tasha?

Ɗan Lutie,
Garland